Saƙon Muryar da Na Gyara

Aikina gyaran maganar mutane ne. Na fi shekara ashirin ina yin sa a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington, har ya zama ko a gidan suna nake, mace tana ba ni labari, kunnena yana tsintar inda ya kamata a yanke. Wakili zai aiko da rahoto daga Maraɗi ko Jos, minti huɗu, ni kuma minti biyu nake da shi a cikin shiri. Sai in toshe kunne da abin sauraro, in zuba wa layin muryar ido a kwamfuta, in cire tari, in cire inda ya yi in'ina, in cire inda ya maimaita kansa, in haɗe bakin wajen yadda shi kansa mai maganar ba zai gane an taɓa ba.

Abin da na fi tsana shi ne Ingausa, kuma masu sauraro ba sa yafe mana ita. Kalmar Turanci ɗaya ta kuɓuce wa mai karanta labarai, washegari saƙonni sun cika, wani malamin makaranta daga Gusau yana tambaya ko Hausar ce ta ƙare mana a Amurka. Ni ce mai tsaron wannan ƙofa. Abokan aiki Kwastam suke ce mini a bayan idona, daga baya ma a gaban idona, kuma ba zan ɓoye ba, sunan yana mini daɗi. Yanzu dai na gaji. Gwiwoyina sun gaji da matakalar tashar jirgin ƙasa ta unguwarmu Greenbelt, idanuna sun gaji da gilashin kwamfuta, kunnen ne kawai ya ƙi yin ritaya.

'Yata ɗaya ce, a nan aka haife ta. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Mamana nake ce mata. Tana ƙarama Hausa take yi, irin tasu ta yaran nan. Takan dawo daga makaranta a guje, jaka tana dukan bayanta, tun daga bakin ƙofa tana cewa, "Mama, yau teacher ta ba ni star, na yi finishing first."

Ni kuma in ce, "Malama. Tauraro. Na riga kowa gamawa. Sake faɗa."

Sai ta sake faɗa, amma murnar ta riga ta tafi. Mahaifinta, Allah ya jiƙansa, yakan ɗago daga jarida ya ce, "Ki bar ta ta kai ƙarshen maganar mana, nan ba ofis ba ne." In ce masa idan ba a gyara yanzu ba sai yaushe. Kafin ta cika shekara goma ta samo wa kanta mafita. Ina yi mata Hausa tana amsa mini da Turanci, Turancin da ba ni da abin gyarawa a cikinsa. Gaisuwa kaɗai ta rage a bakinta. Ranar Sallah idan na kira Kano na miƙa mata waya, sai ta ce wa kakarta, "Ina wuni, Hajiya, barka da Sallah, lafiya lau," ta miƙo mini wayar kamar tana ƙona mata hannu.

Hajiya ba ta taɓa riƙe ta da wannan ba. Idan 'yan'uwa suka fara ƙananan maganganu, takan ce, "Ku ƙyale mini takwara. Bakin ne babu. Ku kuka kai ta inda babu shi, sannan ku zo kuna tuhumarta." Wannan uzurin shi ya riƙe tsakaninsu shekara da shekaru, kuma ni ma a ƙarƙashinsa nake fakewa.

Yarinyar ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya a wani gidan kula da tsofaffi a Lanham. Ta kama ɗakinta can kusa da aiki, ranar Lahadi take zuwa ta ci tuwo ta tafi da na kwana biyu a roba. Wata Lahadi ta zo da ɗan littafin rubutu a aljihu, tana cin abinci tana leƙa shi. Na tambaye ta jarrabawa za ta yi ne. Ta ce a'a, wata tsohuwa ce a cikin waɗanda take kula da su. Duk abin da zan kawo daga bakin 'yata da Turanci ta faɗe shi, ni nake mayar da shi Hausa.

Tsohuwar ta haura casa'in. Daga yammacin Ireland ta zo tun tana budurwa, ta yi aure a nan, ta haifi 'ya'ya, ta yi rayuwarta kaf da Turanci. Da ruɗewar tsufa ta kama ta sai Turancin ya fara zubewa, harshen ƙauyensu ya dawo, wanda ko ɗaya cikin 'ya'yanta ba ya ji. Na san a labarai cewa mutanen Ireland suna da harshensu daban, amma ban taɓa jin sa a bakin mutum ba. 'Yata ta ce duk sanda ta shiga gyara mata shimfiɗa, tsohuwar takan kama hannunta ta ce wani abu kamar "a fashce". Ta yi ta faɗa har yarinyar ta je ta bincika.

Ta juyo mini da littafin. Ta rubuta kalmar da manyan baƙaƙe: páiste. Ma'anarta ɗa, namiji ko mace. Ana faɗinta kamar "pashce", a ja wasalin farko. Ta ce ba tasu ba ce tun asali, aro ce. Ɗaruruwan shekaru da suka wuce wasu mayaƙa masu magana da tsohon Faransanci suka ci ƙasar, suna da kalmar page, wato yaron da ke hidima a gidan mai sarauta. Mutanen ƙasar suka ɗauki kalmar, suka tauna ta da nasu haƙoran, ta tashi daga yaron gidan wani ta koma ɗan da ka haifa.

"Kuma kin ga abin da suke yi mata," ta ce, tana nuna mini da bayan cokali. Idan za ka kira yaron, farkon kalmar canzawa yake yi, p ta koma f, sai su rubuta a pháiste. Haka idan ka ce ɗana, mo pháiste. Idan kuwa ɗanmu ne, sai ta koma b, ár bpáiste, ana rubuta p ɗin amma ba a furta ta. Jam'inta páistí. Ta ce duk wata dokar da kalmominsu na gado suke bi, wannan baƙuwar ma tana bi, har yawancin masu faɗinta ba su san daga waje ta zo ba.

Nan fa aka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Na ajiye tuwon. Na ce ai mu ma haka muke yi, ba ga fasinja ba, ga fensir, ga fakiti, duk p ce ta shigo ta koma f. Mota ta zo ita kaɗai muka yi mata motoci, tebur muka yi masa tebura. Abokan aikinmu 'yan Nijar lakwal suke ce wa makaranta, kuma ban taɓa yanke ta ba. Na ce irin wannan aron ya zauna, ya yi gida, daban yake da wanda mutum zai yayibo danye ya jefa a tsakiyar magana don ƙiwa.

Ta dube ni tana murmushi. "Kafin ya zauna fa? Wani ne ya fara jefa shi danye. Wataƙila uwarsa ta ce masa, sake faɗa."

Na yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ta ciro waya ta kunna mini muryar wani yana furta kalmar, ta bi bayansa tana maimaitawa, ta murɗa baki, ta kuskure, ta yi dariya, ta sake. Na zauna ina kallon 'yata tana wahalar da harshenta a kan yaren wata tsohuwar da ko sunanta ba ta riƙewa. Kishi na ji, ba wani abu ba. Kuma ko a cikin kishin kunnena bai fasa aikinsa ba. Na ji kaina ina cewa, "Wasalin nan kina gajarta shi, shi ya ja shi fiye da haka." Ta rufe littafin ta mayar aljihu. Ta ce tsohuwar dai ko yaya ta faɗa matse mata hannu take yi.

Bayan wannan da kamar wata biyu ƙanena ya kira daga Kano. A gidansa Hajiya take zaune. Ya ce jikin ya matsa, ta daina tashi, doguwar waya ma ba ta jurewa. Ya ce jiya ta ce tana son jin muryar takwararta, ba gaisuwar Sallah ba, magana. Na faɗa wa 'yata. Ta ce to.

Kwana biyu ban ji komai ba. A na uku, Lahadi ce amma aiki ya faɗo kaina, ina ofis lokacin cin abincin rana, saƙon murya ya shigo wayata, minti uku da 'yan daƙiƙu, da rubutu a ƙarƙashi cewa in tura wa Kawu ya kunna mata. A cikin motarta ta ɗauka, ina jin ƙarar wasu motocin suna wucewa.

"Salamu alaikum, Hajiya. Ina wuni. Am, ya jiki? Ni ce, takwararki. Sorry, Hausa na, Hausata, ba ta da kyau." Ta yi 'yar dariya. "Ina tuna lokacin da kin, da kika ba ni fura a ƙwarya, I was six, na zubar a zaninki, ba ki yi faɗa ba." Ta yi shiru mai tsawo, ta ja hanci. "Na yi ta so in kira ki, kullum. Amma idan na fara sai words ɗin su gudu, sai in ji kunya, sai in ce next time. Ki yi haƙuri, please. Ba wai ba na tuna ki ba ne." Daga nan ta yi mata addu'ar samun sauƙi, rabi Hausa rabi Turanci, ta ce tana neman hutu a wajen aiki ta zo.

Da zan ce na zauna na yi shawara da zuciyata, da na yi ƙarya. Hannuna ne ya tura saƙon cikin kwamfuta, kamar yadda yake yi sau goma a rana. Abin da na tuna kawai shi ne ƙanena ba ya riƙe abu, duk abin da ya shiga wayarsa sai ya faɗa zauren danginmu na cikin waya, inda matan 'yan'uwana suke. Su da suke jin muryata a rediyo, su ji 'yar da na haifa tana cewa words ɗin. Na ga fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

Na cire Turancin. Inda ta kuskure ta gyara, na cire kuskuren na bar gyaran. Na cire dariyar, na cire shirun, na cire jan hancin. Maganar kunya da ban haƙuri na juya ta ta kowace fuska, ba ta gyaruwa, Turancin ya shiga tsakiyarta, sai na ɗauke ta gaba ɗaya. Abin da ya rage bai kai minti ɗaya ba: sallama, gaisuwa, furar da ta zubar, addu'a. Na saurara sau biyu. Tsaf, babu inda za ka ji an yanke. Na ji daɗin aikin, wannan ma sai na faɗa. Na tura wa ƙanena na koma kan rahoton Maraɗi.

Washegari da hantsi, kamar yadda na zata, ya sa saƙon a zauren dangi. Yabo ya yi ta zubowa, masha Allah, 'yar gidan rediyo, Hausarta ta fi ta yaranmu na nan. Ina cikin jin daɗin wannan sai ya sako amsar Hajiya. Muryarta ta yi ƙasa sosai, tana hutawa tsakanin kalmomi.

"Takwara, na ji ki. Ashe bakinki garau yake. Ni ina nan ina ba ki uzuri, ina ce wa mutane ba ta iya ba ne. Ashe kin iya, kiran ne ba ki ga dama ba. To, ba komai. Allah ya yi miki albarka."

Na san Hajiya, idan ta ce ba komai to akwai komai. Kuma 'yata tana cikin zauren nan, an daɗe da sa ta, ba ta dai magana ne.

Da la'asar ta zo Greenbelt da kayan aiki a jikinta, ranar da ba Lahadi ba. Ba ta zauna ba.

"Me kika yi wa saƙona?"

"Na ɗan share shi ne, Mamana. Don ta fi ganewa. Kin san ba ta jin Turanci."

"Kin cire inda na ba ta haƙuri."

"Wajen ba ya gyaruwa."

"Sau tara na ɗauka," ta ce. "Wannan ne na tara. Na san akwai kuskure. Na bar shi ne don ta ji ni."

Raina ya ɓaci, irin ɓacin ran wanda ya san ba shi da gaskiya. Na fara cewa ita ba ta san mutanen gida ba, ba ta san abin da za su mayar da shi ba. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ita za ta iya sa na ainihin a zauren yanzu, amma ba za ta yi ba, don Hajiya za ta rasa wanne ne gaskiya. "Ke kika yanke. Ke za ki tura, ki gaya mata ke kika yi. Yau." Na ce to. Ranar Litinin ce.

Ban tura ranar ba. Na ce dare ya yi a Kano, sai da safe. Da safe na shiga jirgi a Greenbelt da wayar a hannu, saƙon a buɗe, muka wuce tasha bayan tasha har na sauka ban danna ba. Ina ta tsara yadda zan yi wa ƙanena bayani. In ce kuskure aka yi, ba kuskure ba ne. In ce na taƙaita ne saboda Hajiya ba ta jure dogon abu, zai ji bambancin da kunnensa. Ni da nake koya wa sababbin ma'aikata cewa a yanke tsawo amma kada a taɓa ma'ana, ni ce zan tsaya gaban ƙanin bayana in ce na sauya wa 'yata magana. Talata ta wuce, Laraba ta wuce. Kowace rana ina kiransa in tambayi jiki, ya ce da sauƙi, irin da sauƙin da muke faɗa ko mutum yana gargara, ni kuma in kama wannan in ce akwai lokaci. 'Yata ba ta tambaye ni ba. Ta ɗauka tunda na ce to, na yi.

Ranar Alhamis na gaji da kaina. Ina tsaye a dandamalin tasha na tura masa na ainihin, na rubuta a ƙasa cewa wannan ne abin da ta faɗa, wancan ni na yanke shi, ya kunna wa Hajiya ya gaya mata haka. Na ga alamar ya shiga. Bai amsa ba, na ce hidimar jinya ce.

Juma'a da asuba ya kira. Allah ya yi wa Hajiya rasuwa a asibiti, kafin rana ta faɗi a can an kai ta. Ba mu samu ko ganin likkafaninta ba, haka zaman nesa yake.

A falona muka yi zaman makoki. Mata suka zo daga Lanham, wasu har daga Manassas cikin cunkoson babbar hanya, kowacce da kular shinkafa ko masa. Abokan aiki suka zo bayan an tashi, maza a falo, mata a ɗaki, takalma jibge a bakin ƙofa har maƙwabcina ya leƙo ya ga ko lafiya. 'Yata ta ɗauki hutu. Ta sa hijabi tana kai ruwa, tana durƙusawa tana amsa gaisuwa, ya haƙuri, haƙuri sai ma'aiki, kamar yadda ta ji ana yi.

Ranar uku na shiga banɗaki na kulle na kira ƙanena. Bayan mun gaisa na tambaye shi saƙon da na turo ranar Alhamis.

"Wallahi Yaya, ranar muna ta kai da kawo a asibiti, ban buɗe ba. Sai bayan mun dawo daga maƙabarta na gani." Ya ƙara da cewa, "Na saurara. Allah sarki. Da ma ta ji wannan."

Na ce Allah bai nufa ba. Ya ce haka ne. Bai ce mini komai a kan yankan ba, ni ma ban tayar ba.

Da yamma mutane suka ragu. Na shiga kicin na tarar da ita a bakin famfo, ta naɗe hannun riga, tana wanke kulolin mutane don a mayar musu. Na ɗauki tawul na tsaya a gefenta, tana wankewa tana miƙo mini ina gogewa. Mun yi uku ko huɗu haka. Sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kawu ya kunna mata?"

Ni da ƙanena kaɗai muka san amsar, kuma shi ba zai taɓa faɗa mata ba. Na san yadda zan haɗa maganar. In ce na tura, ya shiga wayarsa tun tana da rai, in tsaya a nan. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, sauran ita za ta cike da kanta, ta samu abin riƙewa har ƙarshen rayuwarta. Kalmomin har sun jeru a bakina. Amma na gaji, wallahi na gaji da wannan aikin.

"Bai kunna ba," na ce. "Ba ta ji ba. Sai ranar Alhamis na tura."

Ruwan ya ci gaba da zuba a kan hannunta. Na ga leɓenta yana motsi.

"Litinin na zo," ta ce.

"Eh."

"Kin ce to."

"Na ce."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauraye kular da ke hannunta a hankali, ciki da waje. Na miƙa tawul ina jira. Ta zagaye hannuna ta kife kular a kan kanta da kanta, ta jawo wata.